Dutsen da Bai Fito Ba

Taswirar ta fi teburin girma, don haka sai da suka danne kusurwa ɗaya da kofin shayi, ɗaya da tsohon gilashin kyamara, sauran biyun kuma kowa ya ɗora gwiwar hannunsa.

A ɗakin baya na shagon hoto suke, inda ake jingine fitilu da farin labulen masu hoton fasfo. Ƙofa a wangale take kamar yadda Yaya, wan Auta, ya sharɗanta, shi kuma yana can gaba yana fama da injin wanke hoto da ya tashi da rigima tun safe.

"A gindin dutsen za mu sauka," in ji Dogo, yatsansa na bin jan layin da ya zana. "Kafin rana ta leƙo mun kai kwanar farko. Gefen nan gabas yake kallo, in muka makara hasken ya yi ƙarfi, komai sai ya kwanta kamar an goge shi."

Auta ta ce, "Uhm."

"Wurin da ruwa ke zubowa kuma sai da yamma. In muka je da rana tsaka, farin ruwan ne kawai zai fito, duwatsun su yi baƙi ƙirin. Sai mu ɗan yi barci a mota, Yaya ya huta da tuƙi."

"Uhm."

Dogo mutum ne da in ya kama zancen haske, ko gobara ce ta tashi a bayansa sai ya kai ƙarshen maganarsa. Amma "uhm" na biyun nan ya tsaya masa a rai. Ya ɗago ya dube ta.

Ba taswirar take kallo ba. Hannunsa take kallo, da ɗan tabon da ƙafar kyamara ta yi masa a babban yatsa bara, ranar da suka fara magana.

A tafiyar ƙungiyar masu hoto ne suka haɗu, a kan wannan hanyar dai. Ita auta ce a gidansu, ta gama karatu ta zo ta riƙe rabin shagon da mahaifinsu ya bari. Shi kuma ba shi da shago, ba shi da kanta, jaka ce a kafaɗa da tsohuwar mota mai tari, duk inda aka ce akwai dutse ko kogi yana can. Bana wani kamfanin buga kalanda ya ba su aiki tare, hotuna goma sha biyu na hanyar duwatsu. Tun da aka ba su aikin Auta ba ta taka ƙasa don murna, sai yau.

"Auta, me ya faru?"

"Babu komai. Ci gaba, ina ji."

"Tun ɗazu nake cewa za mu yi barci da rana tsaka ba ki ce min malalaci ba. Akwai abin da ya faru."

Ta so ta yi dariya, sai dariyar ta ƙi zuwa ita kaɗai, ta taho da hawaye. Ta yi saurin kai bakin mayafinta ido don kada ya ɗiga a kan taswirar.

"Umma ta ba Mai Kemis dama," ta ce a hankali. "Ta ce ya turo manyansa da zarar na dawo daga tafiyar nan. Ta kuma ce tafiyar ma in da kai ne, to ba da ni ba."

Dogo ya janye gwiwar hannunsa. Kusurwar taswirar ta naɗe kanta ta rufe rabin dutsen, babu wanda ya kula.

"Ke me kika ce?"

"Me zan ce? Na yi kuka, ta bar ni na gama, ta miƙo min ruwa."

"Amma kin gaya mata..."

"Na gaya mata komai. Na ce kai nake so. Ta ce ta sani, ai ba makauniya ba ce." Ta share ido. "Ba ta taɓa zaginka ba, ka sani. Da zaginka take yi da na samu abin yin gardama. Cewa kawai take yi, ba mai kyamara ba. Ko wane ne in kawo mata, amma ba mai kyamara ba."

Ya ce, "To in na ajiye ta fa?"

"Ka ajiye me?"

"Kyamarar. Ina iya neman aiki a ofis. Akwai wani abokina da..."

"Kada ka soma." Ta ɗago jajayen idanunta. "Ranar da ka ajiye ta, wa zan aura? Wani mai fuskarka da zai riƙa kallon taga yana jin haushina a ɓoye? Ni wanda ya tashe mu cikin sanyi bara don mu je mu jira hazo ya yaye nake so. Har tsine maka na yi a zuciyata ranar, ban taɓa gaya maka ba."

"Na ji ai. Ba a zuciya kika yi ba."

Wannan karon dariyar ta fito, jiƙe sharkaf da hawaye. Shi ma ya yi, amma idonsa ya kaɗa. Son da yake yi mata ya yi masa yawa a ƙirji har ya rasa inda zai sa hannunsa, sai ya koma yana miƙe kusurwar taswirar da ta naɗe.

Daga gaba suka ji sallama, suka ji Yaya ya amsa da irin muryar da yake yi in yana so na ciki su shirya.

Mai Kemis ne. Shagonsa na tsallaken titi, yana kallon nasu. A gaskiya ba shi da abin ƙi, kuma wannan ne ya fi ba Auta haushi. Farar rigarsa kullum a goge, yana buɗe shago a kan lokaci, yana rufewa a kan lokaci, shi ke auna wa Umma hawan jini ba tare da ta nema ba. Mutum ne da in ka neme shi yau ko baɗi, a bayan kantar nan za ka same shi.

Ya tsaya daga bakin ƙofa da leda a hannu. Ya ga taswira, ya ga Dogo, ya ga idon Auta. Bai nuna ya ga ko ɗaya ba.

"Na ji ana shirin tafiya," ya ce. "Ga maganin jiri, saboda kwanoni. Ga na mura, an ce can sama akwai sanyi. Wannan na shafawa ne in ƙafa ta gurɗe."

"Na gode. Allah ya saka da alheri."

"Motata ma tana nan. Ta fi ƙarfin hawa, kuma ba ta tsayawa a hanya." Ya dubi Dogo, babu izgili a fuskarsa ko kaɗan. "Ba don komai ba, malam. Lafiyarta nake dubawa."

"Na gane," in ji Dogo. "Ni ma ita nake dubawa."

Suka yi musabaha kamar mutanen kirki, Mai Kemis ya ajiye ledar a kan taswirar, daidai kan dutsen, ya fita. Auta ta bi ledar da kallo. Har da ɗan kwalin alewar tari a ciki, irin wadda take so.

"Mutumin kirki ne," Dogo ya faɗa, kamar ana zare masa haƙori.

"Na sani. Ka daina tuna min."

*

Da yamma ta sami Umma a ɗakinta tana ninke wanki a bakin gado. Ta zauna a ƙasa, ta jingina kanta da gwiwarta kamar yadda take yi tun tana ƙarama in tana son wani abu.

"In zancen jiya ne, na gama," in ji Umma, ba ta daina ninkin ba.

"Umma, ki dubi Allah."

"Shi na duba na yi magana."

"Me ya yi miki? Ki faɗa min laifinsa ɗaya, wallahi in na ga laifi ne zan haƙura."

"Ba shi da laifi. Yaro ne mai ladabi, in ya gaishe ni har ƙasa yake kaiwa duk tsawon nan nasa." Ta ajiye zanin da ke hannunta. "Auta, ni na auri mai kyamara. Ba labari aka ba ni ba."

"Amma Baba..."

"Babanki, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaga min murya ba. Bai taɓa barinmu da yunwa ba. Amma ki tambayi yayanki sau nawa ya buɗe ido da safe ya ga ubansa a gida. In damina ta sauka ya tafi neman gajimare. In ta ɗauke ya tafi neman sararin sama. Ranar da na haife ki yana kan wani tsauni yana jiran rana ta faɗi. Da ya dawo ya rungume ki yana kuka, kuma kukan gaskiya ne. Kafin ki iya zama ya sake tafiya."

"Ni ai tare za mu riƙa tafiya, Umma. Ni ma aikina ke nan."

"Yanzu. Da ciki fa? Da goyo? Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, kuma aka ce hazo ya sauko a kan dutse, wa kike jin zai zauna?" Ta sa hannu ta shafa kan Auta. "Ban hana ki hoto ba. Da zan hana da tun ranar da kika ɗauki kyamarar ubanki na karɓe. Ki yi aikinki, ki je ki dawo ki tarar da mutum a gida. Abin da nake nema miki ke nan. Ni ban samu ba."

Auta ta fashe da kuka sosai, ta riƙe ƙafar Umma.

"Ba na son sa, Umma. Na yi ƙoƙari. Ina kallon sa ta gilashin shago ina cewa zuciyata ga mutumin kirki, ga mai natsuwa, ki so shi mana. Ta ƙi. In na aure shi zan cuce shi, shi kuma bai cancanci haka ba."

"So yana zuwa daga baya."

"Naki ya tafi daga baya? Duk abin da Baba ya yi, kin daina son sa?"

Hannun Umma ya tsaya cak a kan Auta.

"Da na daina ai da sauƙi," ta ce can ƙasa.

Suka zauna haka, uwa na share hawaye da bayan hannu, 'ya na jiƙa mata zani. Yaya ne ya katse su. Ya daɗe a bakin ƙofa yana sauya ƙafa, don shi kukan mata rikita shi yake yi.

"Umma, in ce wani abu?"

"Kai ma an saye ka?"

"Ni wa zai saya, injin ma ya fi ni daraja a shagon nan." Ya shigo ya tsuguna. "Aikin nan an riga an karɓa, da sunan shagonmu a ciki. Ni zan tuƙa su, ƙafata ƙafarta. Ki bari ya zo gobe ya nuna miki hanyar da inda za a sauka. In kin gani kin ce a'a, ni da kaina zan je in ba kamfanin haƙuri. Amma kada a ce ko saurarensa ba a yi ba."

Umma ta dube shi, ta dubi Auta da ta ɗago kumburarrun idanu tana jira.

"Ya zo," ta ce. "Zancen hanya kawai. In ya sako wani zance, zan tashi in bar muku falon."

*

Washegari da hantsi Dogo ya zo. Ya sa rigar da Auta ba ta taɓa ganin sa da ita ba, har da karin guga, ga alama aro ce don hannun bai kai masa wuyan hannu ba. Ya ƙi kujera ya zauna a kan darduma, ya shimfiɗa taswira, ya buɗe kwamfutarsa a kan ƙaramin tebur.

Umma na kan doguwar kujera da tabarau a hanci. Yaya na gefenta. Auta ta rakuɓe a bakin ƙofar kicin da farantin kofuna, ta kasa shigowa ta kasa komawa.

Ya yi bayani tiryan-tiryan. Ga masaukin da za su sauka, na wata dattijuwa ne da 'ya'yanta, ɗakin Auta daban. Ga inda ake shan mai na ƙarshe kafin hawa. Ga kwanar da ba a tsayawa saboda manyan motoci. Ga asibitin da ya fi kusa. Ya sauya tayoyi, ya sa an duba birki. A ɗarare yake magana da farko, amma da ya zo kan haske sai ya manta a gaban wa yake.

"Nan kuma, Umma, in an yi ruwa da dare, da safe hazo yakan cika kwarin har ya zama kamar..."

"Na san hazo," in ji Umma.

Ya haɗiye sauran maganar.

"Nuna min wuraren."

Ya shiga nuna mata hotunan bara ɗaya bayan ɗaya. Kwana mai kama da ƙugiya, ruwa na zubowa tsakanin duwatsu biyu, wata bishiya ita kaɗai a bakin rami. Umma na bin su da kallo. Abin da Dogo bai sani ba shi ne, shekara da shekaru ita ce mai tace hotunan mijinta. In ya dawo ya wanke, ita ke zama ta ware masu kyau gefe, ta ware waɗanda hannu ya girgiza. Idonta ya san hoto kamar yadda ya san tsakuwa a cikin shinkafa.

"Waɗannan duk na Auta ne," ta ce.

"Eh, Umma."

"Na san hannunta, tana son sama ta yi yawa. Ina naka? Ba tare kuka je ba?"

Dogo ya sha jinin jikinsa. "Nawa ba su fito ba."

"Duka?"

"Kusan duka."

"Mutumin da aka ce kamfani na neman sa, ya je har can ya dawo babu hoto?" Ta gyara tabarau. "Kuma shi zan ba 'yata ya kai ta bakin rami. Buɗe in gani."

"Umma, ba su da kyau ne."

"Na ga marasa kyau da yawa a rayuwata. Buɗe."

Ya dubi Yaya neman ceto, Yaya ya ɗaga kai yana nazarin silin. Babu yadda ya iya, ya buɗe.

Hoton farko ya cika fuskar kwamfutar. Dutsen ne babba, rana na fitowa ta bayansa, irin hasken da mai hoto ke shekara yana roƙo. Amma dutsen ya yi dishi-dishi, gefensa ya narke cikin sama kamar an shafa masa mai.

Auta ta matso ba ta sani ba. Ita ma ba ta taɓa ganin su ba. Duk lokacin da ta tambaya sai ya ce sun lalace, ya sauya zance.

"Wuce," in ji Umma.

Na biyu ma haka. Na uku, ruwan da ke zubowa ya zama farin gajimare, duwatsun babu kaifi.

"Tsaya." Ta miƙa yatsa can kusurwar ƙasa, inda wani ɗan abu yake, bai fi ƙwayar wake ba. "Ƙara min girman nan."

Dogo ya ƙara girman wurin.

Auta ce. Ta sunkuya a kan kyamararta, ta ba shi baya, iska ta ɗaga bakin mayafinta. Ta fito tar. Ana ganin zaren da ya zare a gefen mayafin, ana ganin yadda ta cije leɓe ta gefe, har igiyar takalminta da ta kwance.

Kofunan da ke kan farantin suka fara ƙara. Yaya ya tashi ya karɓe shi daga hannunta.

"Koma na farkon," in ji Umma. Ya koma. Can a gefe, ga ta zaune a kan wani dutse tana hura hannuwanta don sanyi, tar da ita, babban dutsen kuwa ya tafi. Na biyu, tana nuna wani abu da yatsa. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ba ta ciki, babu kuma wanda dutsen ya fito.

"Ba da gangan na yi ba, Umma," Dogo ya ce, kansa a ƙasa. "Ka'idar aikin ce, akan sa mutum ɗan ƙarami a gefe don a gane girman dutsen. Ita ce ke kusa, sai na riƙa sa ta. A kan dutsen ya kamata in saita idon kyamarar, na san haka tun ina koyo. Ni dai na ɗauka a kansa nake saitawa. Sai da na dawo gida na buɗe na ga abin da hannuna ya yi." Ya janye hannunsa daga kwamfutar. "Lokacin ko magana ban taɓa yi mata ba in ban da gaisuwa. Kunya ta sa ban nuna wa kowa ba. Ki yi haƙuri, na san kin ce zancen hanya kawai."

Umma ba ta tashi ta bar falon ba. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ta daɗe tana kallon bangon da ke gabanta.

A bangon akwai babban hoto cikin firam, wanda ya fi kowanne suna a cikin aikin marigayi. Wannan dutsen dai ne, a tsaye, kowane tsagi nasa ya fito kamar ka taɓa.

"Auta, zo nan. Me kike gani a ƙasan hoton can, ta hagu?"

Auta ta share ido ta duba. Tun tana rarrafe take ganin hoton. "Kututturen bishiya ne, Umma."

"Ni ce."



"Muna amarci ya tafi da ni, sau ɗaya ke nan da na taɓa bin sa. Ya ce in tsaya a can kada in motsa. Na tsaya, sanyi na ratsa ni, ina ta murmushi don na ɗauka hotona yake ɗauka. Na sa sabon mayafi ranar." Ta yi 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Da aka wanke, na nemi kaina na rasa. Ya ce ai ga ki nan, kin ba dutsen girma. Bai ma san ya faɗi wani abu ba, murna yake yi. Hoton ya yi kyau kuwa. Shi ya sa na bar shi a rataye."

"Umma..." Auta ta durƙusa a gabanta, hawaye na zuba. "Ba ki taɓa faɗa ba."

"Wa zan faɗa wa? A ce ina kishi da dutse?"

Yaya ya juya baya yana gyaran labulen da babu abin da ya same shi. Dogo kuwa ya kasa ɗago kai, tausayin matar nan ya cika shi har ya manta da abin da ya kawo shi.

Umma ta mayar da tabarau, ta jawo numfashi, ta koma Umman da suka sani.

"Kai," ta ce da Yaya, "in ka fita ka biya wurin Mai Kemis. Ka ce ina gaishe shi, ya dakata da zancen manyansa tukuna. Ka faɗa masa da mutunci, don bai yi mana komai ba sai alheri."

Auta ta ɗago da sauri, baki buɗe.

"Kada ki yi min wannan kallon, ban ce na yarda ba." Ta juya ga Dogo. "Hoto hoto ne. Saurayi kowa ya iya ɓata aiki a kan budurwa. Abin da nake so in gani shi ne ranar da hazon naka ya sauko, ita kuma ta ce kanta na ciwo. Wannan ba a gani a kwamfuta."

"Haka ne, Umma."

"Don haka da ni za a yi tafiyar."

"Ke, Umma?" in ji Yaya. "Da hawan jinin? Kwanonin nan fa..."

"An kawo maganin jiri, na gani a leda. Gaba zan zauna, ku biyun nan ɗaya a bayana ɗaya a bayan direba, jakunkuna a tsakiya." Ta nuna Dogo da tabarau. "Idona na kanka tun daga ƙofar gidan nan har mu dawo. In na ga ka manta da ita a kan dutsen can ko sau ɗaya, ko na minti ɗaya ne, magana ta ƙare, kuma ba za ta sake yi min kuka a kai ba. Kin ji, Auta?"

"Na ji, Umma." Tana kuka tana dariya, ta kifa fuska a cinyarta.

"Na yarda," in ji Dogo.  Ya jawo taswirar gabansa don ya sami abin yi da hannunsa, ya zaro jan alƙalami daga aljihu. "To Umma, akwai inda kike so a tsaya? Sai in sa a cikin shirin."

Umma ba ta dubi taswirar ba. Bangon ta sake kallo, hannunta na kan Auta.

"Ka san inda aka ɗauki wancan?"

"Na sani. Kwana ta uku ce, kafin a kai gada."

"Nan za ka tsayar da ni, da safe, daidai inda na tsaya." Ta gyara zaman mayafinta a kafaɗa. "Tunda ka iya ɓata hoto haka, ni ma ka ɓata min ɗaya."